Sannu da Aiki, Hajiya Tsada

Ranki ya daɗe, Hajiya Tsada, uwar ɗakin talaka, mai shiga gida ba sallama. Yau na ɗauki alƙalami in yi miki godiya a madadin magidantan Turba, da na Tidibale da Bargaja, har zuwa Gatawa da Kurawa da Unguwar Lalle. An daɗe ana zaginki a majalisa da bakin kasuwa, ba a samu wanda ya zauna ya ƙirga alheran da kika yi wa ƙasar Gobir ba. Suna da yawa, amma guda ɗaya zan ɗauka, wanda ya fi tsaya mini a rai: kin raba 'ya'yanmu da kallo. Kin yi shi cikin ruwan sanyi, ba doka, ba bulala, ba shelar sarki. Allah ya saka miki daidai da aikinki.

Wata Asabar da la'asar ina tsakar gida ina gyaran igiyar akuya, babban ɗana ya zo ya durƙusa, ƙannensa uku na laɓe bayan zana suna jiran sakamako. Ya ce, "Baba, yau fa Arsenal ka wasa. Kai kac ce za ka kai mu." Gaskiya ya faɗa, na yi alkawari tun watan jiya. Na ajiye igiya na shiga lissafi. Gidan kallon da muka saba shiga da naira 50 yanzu 200 ake biya, ranar babban wasa kuwa sai abin da mai gidan ya yanka. Mu biyar, naira 1,000 ke nan tun ba a zauna ba. Yaro kuma ba ya kallo da busasshen baki, sai an saya masa rake ko gyaɗa, a bi shi da ruwan leda. Uwarsu na bakin murhu tana jin mu, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, in kak kai su kallo, da mi za mu yi miyar dare?" Na ce wa yaron sai wani satin. Ya ce to. Sati ya zagayo bai tuna mini ba. Wanda ya biyo baya ma bai tuna mini ba. Yau kusan shekara ke nan bai sake roƙona in kai shi ko'ina ba.

Kin ga tarbiyya ko? Yaro ɗan shekara 12 ya koyi duban fuskar ubansa ya karanta abin da ke cikin aljihunsa. Ya koyi haɗiye buƙata tun ba ta iso baki ba. Malamai nawa ne za su iya cusa wa yaro wannan darasi a wata guda? Ke kin iya.

Domin matasa su san irin ɓarnar da kika tsamo mu daga ciki, bari in ba su labarin yadda muka taso. In kaka ta yi, an ɗaure dammunan gero an cika rumbuna, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai maroƙi ya bi kasuwa yana shelar cewa ran kaza akwai kokawa a gari kaza. Shi ke nan gayyatar. 'Yan kokawa su taho a ƙasa, wasu a kan jakai, har daga ƙetaren iyaka, don Gobir ba ta san wannan layin da Turawa suka ja ba: Bagobirin Tsibiri da na Sabon Birni tsagensu ɗaya, kakanninsu ɗaya tun kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808. Baƙo ya sauka gidan da ya ga dama, a dama masa fura, a shimfiɗa masa tabarma. Da la'asar sakaliya dandali ya cika. Yara mu zauna a gaba cikin rairayi, ƙafafu a harɗe. Dattawa a bayanmu bisa buzu. Mata da 'yan mata a gefe guda, wasu da farantin ƙosai ko dakuwa a ka, wasu da goyo. Babu ƙofa, balle mai tsaron ƙofa. Ganga ta ɗauka, ƙato ya fito da warki da layu a damtse, ya duƙa ya debi ƙasa ya murje hannuwa, ya yi kirari har jijiyar wuyansa ta tashi. A haɗu, a sarƙe, a yi ta juyi ƙura na tashi, can sai ka ji ƙasa ta amsa. Guɗa ta ɓarke daga ɓangaren mata. Mai hali ya yi kari da dami ko riga, wani har da ɗan akuya. Marar hali ya ba da ihu da tafi, kuma ba wanda ya ce nasa bai karɓu ba. In dare ya yi ga farin wata, 'yan mata su kafa gaɗa, samari su koma langa, mu ƙanana mu yi ta kwaikwayon kayen da muka gani har barci ya kwashe mu a ƙofar gidan wani, a ɗauke mu a kafaɗa a kai mu gida.

Dubi wannan rashin tsari, Hajiya. Ɗan sarkin noma da ɗan gwauruwar da ba ta da ko kaza, kaye ɗaya suka gani, daga wuri ɗaya, da farashi ɗaya. Uba ya kwashi iyalinsa kaf, har da kaka mai sanda, su yini suna dariya, ya koma gida aljihunsa yadda ya fito da shi. Ina aka taɓa gina ƙasa da haka? Ko a fada ma sakacin bai tsaya ba. Ibrahim Narambaɗa ɗan Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, sarki ne ke ba shi doki da riguna, amma in ya kafa kotso a ƙofar fada, mai tallan itace ma tsayawa take ta sha waƙa har ta ƙoshi, ta wuce ba ta ajiye ko anini ba. Kotso ba ya zaɓen kunne. Waƙoƙin da malaman jami'a ke rubuta littattafai a kansu yau, jahilai da almajirai suka fara jin su a tsaye, kyauta. Da kina da ƙarfi a wancan zamani da ba a yi wannan asara ba.

Ban ce ke kaɗai kika rushe dandali ba, kada a ce na yi miki kirarin da ya wuce gona da iri. Kin samu mataimaka. Samari sun tafi cirani Kudu sun dawo da son ƙwallon Turai. Wa'azi ya yi tasirinsa a kan kiɗa da cakuɗuwar maza da mata. Sai dai duk waɗannan sun canza abin da ake kallo ne kawai. Ke ce kika sa wa kallon kansa ƙofa, kika dasa mutum a bakinta da jakar kuɗi.

Gidan kallo shi ne babban aikinki a ƙauye, kuma ya cancanci a tsaya a yaba ƙirarsa. Rumfar kwano ce ko ta zana, benci a jere, talabijin ɗaya ko biyu a sama, janareta na kuka a baya, allo a waje an rubuta wasannin yau da alli. Mai gidan ɗan unguwa ne, neman abinci yake kamar kowa, ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Shi ma a hannunki yake. Tsarin Compact na DStv, wanda ya koma naira 10,500 a watan Mayun 2023, ya kai 19,000 a watan Maris na 2025, bayan ƙari har sau uku. Man da janareta ke sha, kafin 29 ga Mayun 2023 bai kai naira 200 lita ba a farashin gwamnati. Ran nan sabon shugaban ƙasa ya ce tallafi ya tafi, cikin kwanaki lita ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Wannan a gidan mai na birni ke nan. Mu nan a galan da kwalba muke saye wurin 'yan bumburutu, kuma kowane ramin da ke kan hanya da kowane shingen da direba ya tsaya a kai, a cikin kwalbar nan muke biyansa. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta zarce 1,500 cikin watanni takwas. Kamfanin da ke kawo mana wasan da dala yake sayen izinin nunawa. Gasar Firimiya kuwa, a cikin Birtaniya kaɗai, fam biliyan 6.7 aka sayar da izinin nuna ta na shekara huɗu daga 2025.

Wannan shi ne abin da ke burge ni da ke: tsawon hannu. Attajiri a Landan ya ƙara wa ɗan wasa albashi, sai ki bi ta tauraron ɗan'adam, ki ratsa dikoda, ki sauko cikin aljihun manomin Turba ki ɗauki rabonki. Ko Bawa Jan Gwarzo da duk ƙarfinsa bai taɓa karɓar haraji daga nesa haka ba.

Kin kuma gyara mana zaman gida. A da iyali ke fita kallo, yanzu wakili ake turawa. Mutum ɗaya ya shiga, ya dawo ya ba sauran labari. Uwa ba ta da benci a gidan kallo, 'ya mace ma haka, don wuri ne na maza da hayaƙin taba da ashar in an sha ƙwallo. Ita kuwa kakar da ta san sunan kowane ɗan kokawa daga nan har Gidan Rumji, tana ɗaki tana jan carbi, ba mai tambayarta komai. Yaran da ba su da kuɗi kin samar musu gurbi na musamman a bayan rumfa, inda ƙusa ta huda kwano. Su jeru suna karɓa-karɓa, kowa ya sa ido ɗaya na ɗan lokaci, har yaron mai gidan ya fito da tsumagiya ya kore su. Na taɓa wucewa da dare na ga nawa na biyu a cikin layin, ya ɗage bisa yatsun ƙafa. Bai gan ni ba. Na sauya hanya don kada ya ji kunya. Wannan daren ban ci tuwo ba.

Ana ce mini mulkinki bai tsaya ga matalauta ba, har Amurka kina da fada. Can suna da wani wasa da suke kira besbol, mutum ya jefo ƙwallo ƙarama mai tauri, wani ya make ta da kulki ya sheƙa da gudu ya zagaya tashoshi huɗu. Sun ɗauke shi wasan gado, kamar yadda muka ɗauki kokawa, wanda uba ke kai ɗansa kamar yadda nasa uban ya kai shi. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasarsu, kowace tana buga wasa 162 a shekara, yawan da ya sa tun asali leburan masana'anta ma ke iya zuwa da iyalinsa ya zauna a benen masu rahusa. Wani kamfani mai suna Team Marketing Report ya daɗe yana lissafa abin da iyali mai mutum huɗu ke kashewa a zuwa ɗaya: tikiti huɗu, kuɗin ajiye mota, abin taɓawa da abin sha, da hulunan ƙungiya. A 2023 lissafin ya haura dala 260. A ƙarshen wannan shekarar ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles ta ɗauki ɗan Japan Shohei Ohtani a kan dala miliyan 700 na shekara goma. Bayan shekara guda Mets ta New York ta ba Juan Soto miliyan 765. Da yawa daga filayen da ake wasan da kuɗin harajin jama'a aka taimaka aka gina su, sannan a tsayar da mai biyan harajin a ƙofa a ce ya kawo abin da ba shi da shi. Ashe can ma akwai uban da ke cewa "sai wani satin." Na ji tausayinsa, don na san nauyin kalmar a baki. Dala 260 a canjin 1,500 naira 390,000 ce, albashin wata biyar da ɗoriya ga ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Lallai ke sarauniya ce mai adalci, kowa da ma'aunin da kike yanka masa.

Amma akwai gatan da kika yi mana wanda ba ki yi wa Ba'amurke ba. Shi in ya biya, ya gama biya. Zai kalli wasansa ya tuƙa motarsa ya kwana a gida. Mu kin haɗa mu da ƙaninki Tsoro, shi ke karɓar cikon.

Kokawa ba ta mutu ba, ƙetare ta koma. A Nijar tun 1975, da aka fara gasar Takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, gwamnati ta riƙe ta da hannu biyu, ana zagayawa da ita jiha jiha. Filin kokawar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi. Yaranmu sun san Isaka Isaka na Doso kamar maƙwabcinsu, don muna kama tashoshin can a rediyo. Maraɗi kuwa ba nisa gare ta ba, kakanninmu a ƙasa suke zuwa. Na yi shekaru ina raya wa kaina cewa duk shekarar da Takobi ya zo Maraɗi zan kwashi yaran nan mu je, su ga yadda ƙato ke ɗaga ƙato, su ji guɗar dubban mutane lokaci guda. Sai kika karya naira a gaban sefa, kuɗin da ke kai mutum ya kwana biyu ya zama ba ya isar abincin yini. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka garƙame iyaka wata da watanni. Ko da an buɗe, wace hanya zan bi da yara huɗu?

A nan kirari yake maƙale mini a wuya. A watan Mayun 2020 'yan bindiga suka afka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa a ƙasar Sabon Birni, suka kashe mutum fiye da 70 a yammaci ɗaya. A watan Disambar 2021, kusa da Gidan Bawa a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa, aka tare motar fasinja aka cinna mata wuta da mutane a ciki, fiye da 20 suka ƙone, har da mata da ƙananan yara. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, ya rasu a hannunsu. Allah ya jiƙansu da rahama. Hanyar da ta ci sarki, wane talaka zai ɗora 'ya'yansa a kanta don kallon wasa? Dubban 'yan'uwanmu sun je yankin Maraɗi, gaskiya ne, amma da tabarma da tukunya a ka suka je, gudun hijira. Garuruwan da suka rage suna tara kuɗi su kai wa ɗan bindiga Bello Turji da ire-irensa kafin a bar su su yi noma, su sake tarawa kafin a bar su su girbe. Damin da a da ake yi wa ɗan kokawa kari da shi, yanzu daji ake kai shi. Taron da ya wuce mutum ashirin abin tsoro ne, ganga kuwa kiran mutuwa ce, don ba ka san kunnen da zai ji ta ba. Ko gidan kallon ma, wasan dare sai mai ƙarar kwana, janareta na kuka ba ka jin ƙarar babura sai sun iso.

To, Hajiya, mu koma ga yabo, tunda shi na zo yi. Ba zan manta da abokan aikinki na ofis ba, su ma sun yi ƙoƙari. Duk shekarar zaɓe suna tunawa da matasa, a kawo riguna masu hoton ɗan takara da ƙwallo biyu, a sa kofi, a ɗauki hoto, a tafi. Filin da yara ke wasa a bayan gari kuwa in ba a yanka shi fuloti ba, ya zama wurin da ba a zuwa bayan la'asar. Akwai filin wasa na Giginya a Sakkwato, an ce na jihar ne baki ɗaya, har da mu. Madalla. Kuɗin motar mutum biyar zuwa da dawowa, da kwanan gari, da addu'ar da uwarsu za ta kwana tana yi, duk wannan ƙaramin abu ne ga mai son wasa. A watan Satumbar 2021 ma an taimaka mana da katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Su ba su bar daji ba, mu dai muka huta da jin muryar 'yan'uwa da sanin wanda ya ci wasa.

Yanzu da layi ya dawo, kin bar mana taga ɗaya, kuma na gode. Daren Juma'ar da ta wuce na sayi data ta naira 200, na kai waya caji wurin mai sola, na dawo bayan isha'i na ce kowa ya matso. Muka zauna a tabarma, kawuna shida a kan gilashin da bai kai tafin hannu ba, na rage murya don kada a ji mu daga waje. Na nemo musu kokawar Takobi ta bara. Uwarsu ma ta bar wanke-wanke ta zo ta tsaya a bayanmu. Kakarsu ta ce a matsar mata da fuskar ta gani, da ta ga ƙaton ya duƙa ya debi ƙasa sai ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ta ce haka mutanen da suke yi. Aka sarƙe, aka yi juyi ɗaya, aka yi na biyu, ɗaya ya cusa kai ya kama cinya ya fara ɗagawa. Nan hoton ya tsaya, ɗan zobe ya hau juyawa a tsakiya, saƙo ya shigo cewa data ta ƙare.

Ba wanda ya yi magana. Babban ya tashi ya shiga ɗaki, bai ce a ƙaro ba. Autar ce, mai shekara biyar, wadda ba ki gama yi wa tarbiyya ba tukuna, ta ja mini hannun riga tana leƙen baƙin gilashin ta ce, "Baba, wa ak kayar?"

Ki ba ta shekara biyu, Hajiya. Ita ma za ta daina tambaya.